Kwamfutar hannu: abin dubawa kafin a saya, kafin a aiko da ita gida, da ranar da ta ƙi tashi

Duk shekara in sakamakon BAC ya fito, gidaje da yawa sukan shiga shawara iri ɗaya. Yaro ko yarinya sun samu shiga jami'a, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko André Salifou a Damagaram, ko Djibo Hamani a Tawa, kuma an ce musu karatun sai da kwamfuta, wadda a nan muka fi sani da ordinatar. Sai uba ya sayar da rago ko buhunan wake, ko a buga wa wa da ke Abijan, Legas, Aljeriya ko Faransa a ce ya aiko da ita. Kuɗi ne masu nauyi, kuma sau da yawa ba a samun damar sayen ta biyu.

Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe shi ne wannan: a ƙasarmu kwamfuta mai kyau ita ce wadda ake iya buɗewa a gyara, a kuma samu kayanta a kasuwa. Zafi da ƙura da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa za su taɓa ta, ko ba jima ko ba daɗe. Don haka ƙyallin jiki da siranta ba su ne abin fara dubawa ba.

Sabuwa mai arha, ko okaziyon ta ofis?

Mutane da yawa na ganin sabuwa a kwali ta fi komai. Ba kullum ba ne. Akwai sababbi masu arha, sirara marasa nauyi, masu injin Celeron ko makamancinsa, da ram 4 GB, da ma'ajiya 32 ko 64 GB irin wadda ake kira eMMC. A irin waɗannan, galibi ram ɗin da ma'ajiyar duka a like suke jikin allon injin, ba a cire su, ba a ƙara su. Windows kaɗai zai cinye kaso mai yawa na ma'ajiyar, bayan ƴan watanni ta fara kukan ba wuri. Ranar da ta gaza, babu abin da mai gyara zai iya yi muku.

A ɗaya gefen akwai okaziyon, wato ta hannu, irin waɗanda kamfanoni da bankunan Turai da Amurka ke amfani da su ƴan shekaru su sayar da su a dunƙule. Su ne ke biyowa ta Dubai, ko ta tashoshin jirgin ruwa na gaɓar teku, ko ta kasuwannin Najeriya irin su Computer Village a Ikeja da titin Beirut a Kano, har su iso shagunanmu. Sunayen da za ku riƙe su ne Dell Latitude, HP EliteBook ko ProBook, da Lenovo ThinkPad. An ƙera su don aikin yini guda, mahaɗin murfinsu ya fi ƙarfi, ana kwance su da ƙananan kusoshi, kuma saboda sun yi yawa a kasuwa ana samun batirinsu da gilashinsu da cajarsu. A kuɗi ɗaya, mu dai mun fi karkata ga irin waɗannan.

Amma okaziyon ma suna suka tara. A nan ne ake cutar mutane da kalmar "i7". Mai shago zai ce muku wannan Core i7 ce, ta fi i5, ku ƙara kuɗi. To i7 ta wace shekara? Kamfanin Intel yana fitar da injinansa ne zubi-zubi, kuma lambar da ke bayan sunan ita ke faɗin zubin. In an rubuta i7-4600U, lambar farko 4 ce, zubi na 4 ke nan, na wajen 2013. In an rubuta i5-8250U, zubi na 8 ne, na 2017. Daga zubi na 10 lambobi biyun farko ake karantawa, kamar i5-1135G7 da ke nufin zubi na 11. Wannan i5 ta zubi na 8 ta fi waccan i7 ta zubi na 4 nesa ba kusa ba. Kada ku yarda da takardar da aka manna kusa da haruffa, ana ɓanɓarowa daga wata a liƙa. A kunna kwamfutar a buɗe bayanin injin ku gani da idonku.

Dalilin da ya sa muka tsaya kan zubi na 8 ba gudu kaɗai ba ne. Kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta tun ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai wani shiri na ƙarin shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa a hukumance yana neman injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, tare da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Sakamakon haka ƙasashen waje na zubar da tsofaffin kwamfutocinsu, kuma kasuwanninmu suna cikin inda suke sauka. Masu gyara sun iya tilasta wa tsohuwa ta karɓi Windows 11, tana kuma aiki, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da ba ta gyara ba. Saboda haka ganin Windows 11 a gilashi ba hujja ce ta cewa kwamfutar ta kwanan nan ce ba. Tsohuwa ba ta zama shara ba: ana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, tare da LibreOffice na rubutu da lissafi, ta yi wa sakataren ƙungiyar manoma ko malamin lakwal aiki shekaru. Sai dai a saye ta da kuɗin tsohuwa.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin ofis, abin da ya isa shi ne i5 daga zubi na 8, ram 8 GB, da ma'ajiyar SSD 256 GB. Mai karatun gine-gine ko mai haɗa bidiyon biki zai so 16 GB.

Rabin awa a shago

Kada ku saya kuna tsaye, kada kuma ku saya da dare wuta ta ɗauke. Ku je da wanda ya san kwamfuta in akwai, ku zauna ku ba ta rabin awa tana aiki.

Batir ne abin da aka fi ɓoyewa. Mai shago zai ce tana awa huɗu, ku kuwa ba ku da awa huɗun zama. Windows na da hanyar tona asiri: a buɗe baƙin allon umarni da ake kira cmd, a rubuta powercfg /batteryreport, sai ta fitar da rahoto. A ciki akwai lambobi biyu, ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yau. In na yau ya faɗi zuwa rabin na asali, ku san sayen batir na gabanku, a rage muku kuɗinsa. Bayan haka a cire caja a ga ko tana mutuwa nan take. Ku duba ma ko wurin da ake jan yatsa ya ɗago, ko ƙasan kwamfutar ya yi ciki. Alamar batir ya kumbura ke nan, kuma kumburarren batir yana iya kamawa da wuta.

Sai a buɗe wurin rubutu a danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, a soka kile USB a kowace kafa, a gwada kyamara da sauti da Wi-Fi ta hanyar raba intanet daga wayarku. A buɗe farin shafi sannan baƙi, don a ga tabo ko layi a gilashi. A buɗe murfin a rufe sau da yawa, in yana ƙara ko roba na buɗewa ta gefe, mahaɗin ya kusa karyewa. Akwai wata manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke nuna lafiyar ma'ajiya da awowin da ta yi tana aiki, masu shago da yawa suna da ita. In ma'ajiyar 256 GB ta nuna 238, ko ta 1 TB ta nuna 931, ba sata ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows.

Abu na ƙarshe, takarda. A rubuta muku rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da ke ƙasanta, da kwanakin garanti ko da mako ɗaya ne. Wannan takarda ce za ta fitar da ku in wata rana aka ce kayan sata ne. Wanda ya tare ku a tasha da kwamfuta ba caja, yana gaggawa, farashi ƙasa da rabi, ku bar masa abinsa.

Ga ƴan'uwa masu aikowa daga waje

Ku ne kuka fi samun kaya masu kyau, kuma ku ne wani lokaci kuke aiko da abin da ba ya buɗuwa. Kwamfutar da ta fito daga kamfani ko makaranta tana iya zuwa a kulle. Wata kalmar sirri ce a kan BIOS, wato shafin farko kafin Windows ya tashi. Wata an yi mata rajista da sunan kamfanin, ko an wanke ta, da ta hau intanet sai ta nemi ma'aikacinsu. MacBook na Apple kuwa in tsohon mai shi bai fita daga asusunsa na iCloud ba, ya zama faranti. Haka Chromebook na makarantun Amurka. Kafin ku ɗaure kaya, ku wanke ta, ku kunna ta kamar sabuwa, ku hau intanet da ita a can inda mai sayarwa ke kusa. Chromebook ko ba a kulle ba, mu ba ma ba da shawararta ga ƙauye, domin yawancin aikinta da intanet ne, kuma manhajojin Windows da ake koyarwa a jami'a ba sa hawa kanta. MacBook na zamani inji ne mai kyau, amma ram da ma'ajiyarsa a like suke, kayan gyaransa kuma suna da tsada da wuyar samu in an bar Yamai.

Sai maganar allon haruffa, kilabiye. Na Faransa da Beljiyam yana farawa da AZERTY, na Amurka da Ingila da Najeriya da QWERTY, na Jamus kuma QWERTZ. Ɗalibin da zai rubuta kundinsa da Faransanci yana buƙatar é da è da ç da à a kusa da yatsa. In QWERTY ce ta samu ba a fasa ba: ana canza tsarin a cikin Windows a manna takardun haruffa, ko a sayi kilabiye na waje mai arha. Masu zuwa daga Saudiyya, Libiya ko Dubai sukan zo da haruffan Larabci, wannan alheri ne ga malaman makarantun Islamiyya da na Faranko-Arab. Ga masu rubutu da Hausa, Windows na da tsarin harshen da ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ, sai a ƙara shi a wurin zaɓen harsuna.

Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 220. Cajar kwamfutar hannu ba ruwanta da wannan, ku duba jikinta za ku ga 100-240V, bakin filogi kawai za a sauya. Amma kwamfutar tebur tsohuwa tana iya zuwa da wani ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230, in ba a mayar da shi 230 ba, sokawar farko za ta ƙone ta. Firinta da aka saya a Amurka kuwa galibi 120 kaɗai take sha, gara a aiko da kuɗin a saya a nan. A jirgin sama, batirin da ba ya cikin na'ura ba a yarda a sa shi a akwatin ƙasa ba, sai a jakar hannu, ita ma kwamfutar can ta fi tsira. Ku haɗo da cajarta ta asali, in da hali biyu. Wannan ya fi jaka mai ado amfani.

Ƙara mata ƙarfi

Kafin a yanke wa kwamfuta mai nauyin tashi hukuncin tsufa, a duba ma'ajiyarta. Tsohon diski mai juyawa, wanda ake jin ƙararsa, yana karanta kimanin MB 100 a daƙiƙa. SSD mafi sauƙi na kai wa 500, irin NVMe kuwa ya haura 2000. Babu wani kuɗi da za ku kashe a kan tsohuwar kwamfuta da zai nuna kansa kamar wannan canji. Ga shi SSD ba shi da abin da ke juyawa a ciki, don haka ya fi jure girgizar kabu-kabu da hanyar laterit. Tsohon diskin kuma kada a bar wa mai gyara, a saya masa ɗan akwati mai igiyar USB ya zama wurin ajiye kwafin takardu.

SSD iri biyu ne a siffa: mai faɗi na inci 2.5, da siriri kamar tsinken cingam da ake kira M.2. Shi M.2 ɗin ma akwai SATA akwai NVMe, kuma ba kowace kafa ke karɓar duka biyun ba. Ram ma haka: DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke jikinsu ba wuri ɗaya take ba, kuma kwamfutoci da yawa na wajen zubi na 4 da na 5 sai DDR3L mai ƙaramar wuta. Hanya mafi sauƙi ita ce a kai kwamfutar shagon a sa a gwada a gabanku. Ɗan'uwa na waje kuma a tura masa hoton takardar da ke ƙasan kwamfutar da ta jikin tsohon ram ɗin kafin ya saya. Injin kansa ba a canza shi a kwamfutocin hannu na yanzu, a like yake. Wanda ya ce zai mayar muku da i3 ta koma i7, ku kama kuɗinku.

A kula da kile USB da katin memwar na jabu, masu rubutun 1 TB a farashin goro. An yi musu dabara ne su nuna girman da ba su da shi, sai an cika su takardu su ɓace. Manhajar H2testw tana gwada gaskiyarsu.

Wuta, zafi da ƙura

Caja ta jabu ta kashe kwamfutoci da yawa. Abu uku ake dubawa: bolt ya zama daidai, wat ya kai ko ya wuce, baki ya dace. Yawancin HP da Dell 19.5 ne, Lenovo 20, Acer da Asus 19. In kwamfuta na son wat 65, cajar 90 ba ta yi mata komai, amma ta 45 za ta yi zafi ta gaza. Cajar Dell na da wani siririn tsinke a tsakiyar baki da kwamfutar ke gane ta da shi, in ya karye ko cajar ba ta asali ba ce, sai ta ƙi cika batir ta kuma rage gudu, mutum ya yi ta zargin batir. Caja ta asali tana da nauyi a hannu. Gara ta asali okaziyon da sabuwa ta jabu.

Lokacin haɗari shi ne dawowar kuran bayan ɗaukewa, da lokacin tayar da gurup ko kashe shi. A zare caja in wuta ta ɗauke, a bari ta dawo ta zauna ƴan mintoci. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare gaba ɗaya. Masu sola a ƙauye su sani kwamfutar hannu ba ta da ci, galibi ƙasa da wat 65 ko tana caji. Akwai caja irin ta mota da ke ɗaukar bolt 12 kai tsaye daga batirin sola, ta fi a bi ta na'urar juya wuta zuwa 220, wadda ke cin nata rabo a hanya. In za a kai caji wurin masu cajin waya a kasuwa, a kai da cajarta, kada a yarda a soka mata wadda ta samu.

Masu ƙera kwamfuta galibi suna rubuta cewa ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Iska tana shiga ta ƙasa ta fita ta gefe ko ta baya, to in an ɗora ta a katifa, ko darduma, ko cinya a kan babbar riga, an toshe mata hanci. A sa ta a tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta da murafun kwalba biyu. Aiki mai nauyi a bar shi sai da safe ko da dare. Kada a bar ta cikin mota a rana, zafi ne babban abokin gaban batir. Hunturu kuma na cusa ƙura cikin fanka har ta yi kamar auduga. In kun ji fanka na ihu ba hutawa, ko tana mutuwa da kanta bayan ta yi zafi, lokacin shara ya yi. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kafin bazara, a kai a buɗe a share, a sabunta man sanyaya injin. In ba a aiki da ita, a rufe a sa a jaka, kyankyaso da tururuwa ma na son ɗumin cikinta.

Ranar da ta ƙi tashi

Kafin a hau mota zuwa birni akwai abin gwadawa. A zare caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, a mayar da caja a gwada. A ari cajar wani mai irinta. In fitila na kamawa, fanka na juyawa, amma gilashi baƙi, a jona ta da talabijin ta igiyar HDMI. In hoto ya fito a can, gilashin ne ko igiyarsa, ba injin ba. Sau da yawa ma ram ne ya motsa saboda girgizar hanya, a cire a goge a mayar. In kwanan wata na komawa baya duk lokacin da aka kunna, har shafukan intanet su ƙi buɗuwa, wani ɗan batir ne mai kamar kwabo a ciki ya ƙare, irin CR2032 ko danginsa, kuɗinsa kaɗan ne. In kuma takardun kile USB sun koma ƴan alamomi masu kibiya bayan an kai shi wurin buga takardu, ƙwayar cuta ce da ta ɓoye su, ba ta goge su ba. Kada a wanke kilen, kada a danna alamomin, a kai wa wanda ya iya fito da su.

In shayi ko ruwa ya zube mata, a kashe nan take ta hanyar danne maɓalli, a zare caja, a kife ta a buɗe. Kada a kunna don a ga ko tana aiki, wannan gwajin ne ke ƙone ta. Binne ta cikin shinkafa ba ya cire sukarin shayi daga allon injin, sai an buɗe an wanke da barasar gyara.

Wurin mai gyara, a yi ciniki kafin ya kwance, a rubuta girman ram da ma'ajiya a gabansa, a ce a maido da duk abin da aka cire. Masu gyara nagari ba sa jin haushin wannan. "Sai an yi formataj" ba maganin kowace cuta ba ne, kuma yana share komai, don haka a tambaya ko an kwashe takardu tukuna. Hotunan iyali da takardun sirri a kwashe su kafin a kai, in ta mutu ne kuma matsalar ba ta ma'ajiya ba ce, ana iya cire ma'ajiyar a riƙe a gida. Kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna kulle ma'ajiyarsu da tsarin BitLocker ba tare da mai ita ya lura ba, bayan gyara sai ta nemi mabuɗi mai lambobi 48. Mabuɗin yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita ta, wanda sau da yawa shi ne ɗan'uwan da ya aiko da ita. A neme shi tun tana lafiya a rubuta a takarda.

Gilashi, batir, kilabiye, fanka da bakin caja duk ana canza su, kuma sun cancanci gyara. In allon injin ne ya ƙone, kuma kuɗin gyaran ya kai rabin kuɗin wata okaziyon irinta, gara a cire SSD da ram a sa a wata, sauran gangar jikin a sayar wa mai gyara ya yi kayan gyara da ita.